Nasarar da Duane Ya Mayar

Mijina Duane Zelinski yana da ƙungiyar besbol, wasan nan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, kuma a cikin 'yan wasansa babu ko ɗaya da ya taɓa ɗaura takalmi ko ya kurɓi ruwa. Dukkansu a cikin kwamfuta suke. Shekara uku ke nan ina faɗa wa matan cocinmu na nan Oshkosh wannan magana, suna dariya, suna zaton barkwanci nake yi. Ni kuwa abin ya daɗe da daina ba ni dariya.

Shekara talatin da ɗaya Duane ya yi yana aikin duba ma'auni a gundumarmu. Shi ne mai shiga gidan mai da gwangwanin awonsa ya ga ko famfo na cika galan, shi ne mai ɗora dutsen awo a sikelin mahauta da masu sayar da cuku. Wata rana a wata masana'anta aka saka masa curin cuku a bayan mota ba da saninsa ba. Sai da ya iso gida ya gani. Na riga na ɗauko wuƙa, ya karɓe cukun daga hannuna, ya juya mota ya mayar, tafiyar mil arba'in cikin dusar ƙanƙara. Irin mutumin da na aura ke nan, kuma hali zanen dutse ne.

Da ya yi ritaya na ce madalla, yanzu rufin gareji zai ga gyara, mu ma mu je mu ga jikokinmu. Ba a yi wata biyar ba ƙanensa Rudy ya rasu, ya bar masa gado. Wasu kwalekwale ake bar musu, wasu bindigar farauta. Mu ƙungiyarsa ta gasar kwamfuta, Tarwaɗan Oshkosh, aka bar mana.

Masu ƙungiyoyi su ashirin da huɗu ne a gasar, a warwatse cikin garuruwa, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ido da ido ba. Kowa na da ƙungiyar 'yan wasan da kwamfuta ta ƙirƙira, da sunayensu da shekarunsu har da ciwon gwiwarsu. Duk Talata da Juma'a, kafin sha biyun rana, kowa zai aika jerin waɗanda za su buga masa. Ƙarfe huɗu kwamishinan gasar, wani likitan haƙori a Ohio, zai danna maɓalli, kwamfuta ta buga wasannin cikin minti biyu. Babu abin kallo, lambobi ne kawai a jere. Duane kuwa zai sa tabarau ya zauna a ɗakin ƙasa yana bin su layi-layi, miya na hucewa a sama. Kaka ɗaya wata huɗu ce, saboda haka in mu muka tsufa da shekara ɗaya, 'yan wasan sun tsufa da uku.

Suna da wata al'ada: duk sabon shiga, ana barinsa ya raɗa wa matashin ɗan wasa guda sunan da ya ga dama. Wani sunan karensa ya sa, wani na surukinsa don tsokana. Rudy, da yake bai taɓa jin kunyar son kansa ba, sunansa ya raɗa wa wani mai jifan ƙwallo ɗan shekara ashirin. Rudy na gaske direban motar madara ne mai tumbi, ko ƙwallo ya jefa wa kare sai ya dafa ƙugu. Rudy na kwamfuta kuwa ya zama dodon gasar, masu bugu na ganin sunansa suna shan jinin jikinsu.

To bayan jana'iza Duane ya karɓi ƙungiyar, sunan ya ci gaba da fitowa. Sai ya hawo daga ɗakin ƙasa ya ce, "Rudy ya yi ƙoƙari yau, zagaye bakwai cikin tara ya jefa," kamar yanzu suka gama waya. Shekarar farko abin na taɓa zuciyata, ba zan ɓoye ba. Ta biyu na fara gajiya. Ta uku kuwa Rudy na kwamfuta ya kai arba'in da biyu, hannunsa ya mutu murus, ya faɗi wasa goma sha huɗu a jere, mu kuma a sama muna shan fushin kowane ɗaya. Ranar da Rudy ya faɗi, ko gishiri na nema a miƙo mini sai an yi tsaki.

Dokar gasar ta ce duk wanda ya riƙa sa ɗan wasan da ya san zai kayar da shi, ana ƙwace ƙungiyarsa, don wasu na yin haka da gangan su zo na ƙarshe, su samu zaɓen farko cikin sababbin matasan 'yan wasa. Kowa ya san ba wannan ne nufin Duane ba, amma doka ba ta duba nufi. Farkon sabuwar kaka, a watan Afrilu, kwamishina ya aiko saƙo. Ranar Juma'a ta mako na biyu Tarwaɗai za su kara da Dinyoyin Fargo, kuma Rudy ne zai jefa. In ya ci, a bar shi ya gama kakar. In ya faɗi, ko dai Duane ya yi masa ritaya, ko ya miƙa ƙungiyar.

Na ce, "To ka ajiye shi a benci mana, ya zauna ya huta kamar kowane tsoho."

"Ba a ajiye ɗan arba'in da biyu a benci, Darlene. Kwamfuta na gani za ta yi masa ritaya da kanta."

"Sai me? Duane, lamba ce fa. Ko inuwa ba shi da ita."

"Na sani," in ji shi, bai ɗago kai ba.

"Ka sani, shi ya sa kwana uku kana lissafin iskar filin da babu shi?"

Ya ci gaba da lissafinsa. Na fi tsanar wannan shirun nasa a kan duk wata gardama, domin ba a cin nasara a kansa.

Dinyoyin Fargo na wani Curtis Haugen ne, manomin gwazar da ake yin sukari da ita a Dakota, kuma su ne zakarun kakar da ta wuce. Ko ni da ban damu ba na san Rudy ba zai kai labari ba. Na riga na shirya abin da zan ce, na kuma yi alkawari a raina cewa ko an ci ko an faɗi, cin kifin Juma'a a zauren coci ba zai wuce ni ba, don makonni uku ina rasa shi saboda wannan shirme.

Ƙarfe huɗu da minti biyar na ji ihu daga ƙasa, har na zaci faɗuwa ya yi. Sai ga shi ya hawo matakala bibbiyu, mutumin da likita ya hana gaggawa.

"Biyar da biyu! Darlene, ya ci! Zagaye shida, maki biyu kacal suka samu a kansa!"

Ya rungume ni har tabaransa ya karkace. Na ji daɗi ƙwarai, kuma ba don kifi kaɗai ba. Rabon da in ga haƙoran mutumin nan a waje haka tun kafin rasuwar ƙanensa. Ya ce bari ya buga sakamakon a takarda ya manna a firji, minti ɗaya. Na sa kwat, na ɗauki jaka, na tsaya a bakin ƙofa.

Minti ɗaya ya zama ashirin. Na sauka na same shi zaune, takardar a hannunsa, fuskar nan ta koma irin wadda yake shiga gidan mai da ita.

"Dubi nan," ya ce, yana nuna jerin 'yan Fargo da biro. "Ina masu bugunsa? Manyansu shida, duk suna benci. Waɗannan da ya zuba, ko a ƙaramar gasa ba a sa su."

"Ƙila sun ji ciwo."

"Lafiyarsu ƙalau. Na duba."

"To ina ruwanka? Ƙungiyarsa ce. Tashi mu tafi, za a cinye kifin."

Waya ya ɗauka. Ya sa ta a lasifika, don haka duk na ji. Can ɓangaren ana jin ƙarar tarakta kafin a kashe ta.

"Zelinski! Barka da arziki, tsohonka ya tashi daga barci!"

"Curtis, me ya sa ka ajiye manyan masu bugunka?"

"Hutu na ba su."

"Hutu? A mako na biyu? Noman gwaza suka taya ka da suka gaji?"

Curtis ya yi dariya, dariyar ta mutu a hanya. Ya ce, "Haba Duane. Ka karɓa ka yi shiru mana. Shekara huɗu ni da ƙanenka muna zagin juna a wannan gasa. Lokacin da matata ke asibiti, kullum sai ya kira ni daga cikin motar madararsa, wai yana tambayar ko zan sayar masa da ɗan wasana mai tsaron gida na biyu. Ƙarya yake, lafiyata yake dubawa. Wasa ɗaya ne cikin ɗari da sittin da biyu, ba zai kashe ni ba."

Ni dai idona ya kawo ruwa. Na ce a raina, to, ko dutse ne wannan ya narke. Ashe ban gama sanin mijina ba.

"Na gode," in ji Duane. "Amma ka sa yatsa a sikeli."

"Kai, wannan mutum! Kyauta ce fa!"

"Ba a yi wa Rudy kyautar wasa. Ko karta muke yi muna yara, in ya gane na bar masa, watsar da ita yake ya kama ni da kokawa."

"To yanzu me kake so, in kai kaina ƙara?"

"A'a. Ni zan kai."

Na fizge wayar na ce, "Curtis, Darlene ce. Kada ka kula shi, yunwa ce ke damunsa." Curtis ya ce, "Baiwar Allah, ke kike zaune da wannan? Allah ya ba ki lada." Na ce amin da ƙarfi, don mai kunne ya ji.

Bai ji ba. Nan take ya rubuta wa kwamishina. Likitan ya kira da kansa, ana jin injin haƙori na kuka a bayansa. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana riƙe da gasar nan, ba a taɓa maimaita wasa ba. Ya ce ya ga jerin Curtis tun da rana, ya kau da kai. Sauran mutum ashirin da ɗaya ma duk sun gani, babu wanda ya ce uffan, har da wani na Texas da ke kai ƙara in an yi kuskuren waƙafi. Duane ya karanta masa sashe na tara na dokar da shi likitan ya rubuta da hannunsa: wasan da aka bayar da gangan ba wasa ba ne, a sake shi. Likita ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Gobe ƙarfe goma na safe. Kuma Duane, in ya faɗi, maganata ta farko na nan."

Na tsaya a kansa da kwat ɗina a jiki. Na ce, "Mutum ashirin da uku sun haɗa baki don su yi maka alheri, kai kaɗai ka tashi ka tona. An ba ka ɗan'uwanka na wata huɗu, ka ce ba ka so. Wai kai wane irin mutum ne?"

"Da na manna takardar nan a firji, kullum na zo ɗaukar madara sai na san ƙarya ce."

"Ni da zan riƙa buɗe firjin sau ashirin ban damu ba!"

Burodi da miyar gwangwani muka ci ranar, ban kuma yi masa magana ba sai da gari ya waye.

Da safe na ce ba zan sauka ba. Goma saura biyar na sami kaina a ƙasa da kofin gahawa biyu, ina gaya wa kaina wanki na zo dubawa. Curtis ya zuba manyansa duka shida, kamar yadda aka tilasta masa. Ƙarfe goma lambobin suka fito.

Zagayen farko Rudy ya fitar da mutum uku a jere, har Duane ya dafa gwiwata. A na biyu suka yi masa rubdugu. Maki bakwai suka kwasa kafin kwamfuta ta cire shi, aka tashi sha ɗaya da uku. Duane ya bi layin da yatsa tun daga farko har ƙarshe, sau biyu, ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Ka gamsu?" na ce. Na so ta fito da zafi, amma muryata ta ƙi.

"Bakwai suka ci," ya ce. "Amma da gaske shi suka ci."

Ya buɗe shafin ƙungiyar. Sunaye ashirin da shida a jere, Rudy Zelinski na biyar a cikin masu jifa, shekara 42 a gefensa. Ya kai kibiyar kan maɓallin ritaya ya tsaya. Hannun da ya shekara talatin da ɗaya yana ɗora dutse a sikeli ya kasa dannawa. Ya janye shi ya ɗora a cinya.

"Darlene, danna mini."

Shekara uku ina addu'ar wannan rana, ina cewa da za a ba ni dama da tuni na gama da shi. Na jawo kujera na zauna, sai na ji haushin Duane, da na Rudy, da na likitan haƙori, da na kaina. Kwamfutar ta tambaya ko na tabbata. Na dubi mijina, ya gyaɗa kai, na danna.

Na zaci za a bar gurbi, ko layi ɗaya fari. Ba a bari ba. Sunayen ƙasa suka matso sama nan take, wani ɗan shekara ashirin da biyu da ban taɓa jin labarinsa ba ya zauna a na biyar. Duane ya mayar da tabaransa, ya matso kusa da allon, ya karanta sunan a hankali, ya sake karantawa, yana koyon yadda ake faɗarsa.