Tumakin da Suka Mutu a Littafi

Duk lokacin da na ji kukan tunkiya a ɗaure da tsakar rana, sai in tuna bazarar da na yi shirin jarrabawar fita firamare a ƙauyenmu na Kurfai. Zafi ya hana zaman ɗaki, don haka a gindin rumbu nake bita, kuma da ƙarfi nake karatu, yadda mushe, malaminmu na lakol, wato makarantar boko, ya saba mana.

Ran nan ina maimaitawa: makiyayi na da tumaki tamanin, ashirin da biyar cikin ɗari suka mutu, saura nawa? Kakata na gefe tana sussuka. Ta tsayar da taɓarya.

"Maigida, tumakin wa?"

Na ce na littafi ne.

"Ka ce tamanin, ka koma ka ce ɗari. Wanga mutum ɓoyon dukiya shikai."

Da maraice ta kai zancen bakin rijiya, ta manta da batun littafin a gida. Kafin ranar kasuwar Filinge, magana ta zama annoba ta shigo daga Tabla. Kakana ya ɗaure tumakinsa ya hana su kiwo, yana ta banka musu hayaƙin sabara har idanunmu suka yi ja. Ni kuwa na ja bakina, don na ga sandarsa.

Sai da mushe ya zo da kansa ya yi bayani: a raba tamanin gida huɗu, gida ɗaya ya tafi, saura sittin. Kakana ya ce:

"Wato kai ka kashe su, mushe? Ashirin, ko yanka babu?"

Daga ranar ya kafa doka: kada in ƙara rage mai rai a gidansa, baki na da kaifi. Na koma bayan gari da tsakuwa, ina kashe su a ɓoye. Ranar jarrabawa aka kawo lissafin rumbun da gara ta ci talatin cikin ɗari. Na samu amsa, na ci jarrabawa, amma da aka tambaye ni a gida na ce ƙari aka ba mu.

Yanzu ɗiyata ce ke bita, a waya, shiru, da abu toshe a kunne. Garke guda zai ƙare a hannunta, ba wanda zai ji balle ya tafi jaje.