Tsirkiya Huɗu da Tafin Hannun Anti

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan jiya, jim kaɗan bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran yayana, ma'aikacin ɗakin hoton ƙashi a asibiti, bayan gajeruwar jinya ta ciwon zuciya. Wanda Ya ba mu shi ne Ya karɓi abinSa, mu ma duk muna kan hanya.

Yaya, cikin masu zuwa gaisuwa akwai wani abokin aikinka da ya hango jitarka jingine a kusurwar falo, ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, har tsirkiya biyu sun tsinke bai samu ya gyara ba." Da kana nan da ka yi dariya har da share hawaye. Mutane da yawa haka suke ɗauka, wataƙila har da mai karanta wannan rubutu, wai jitar bas jita ce da ta rasa tsirkiyoyi. A'a, da huɗu aka ƙera ta, masu kauri, kuma aikinta daban ne. Ita ce muryar nan ta can ƙasa, wadda ƙirji yake ji kafin kunne. Kai kuwa, da yake aikinka leƙen abin da ke ƙarƙashin fata ne, cewa kake yi ita ce ƙashin bayan waƙa.

Ni ne malamin kiɗa a gidanmu, kuma shekara da shekaru kana tsokanata a kan haka. "Ticha, wai da gaske har jarrabawa ake yi a kan wannan ƙarar?" Ban taɓa zaton zan ga yatsunka a kan tsirkiya ba, sai da zazzaɓi mai tsanani ya tafi da jin matarka, Anti.

Kowa a dangi ya san Anti da waƙa. Tana guga tana waƙa, tana wanke-wanke rediyo na kan taga. Bayan ciwon, na'urar da aka sa mata a kunne ta taimaka wajen magana, in dai tana kallon bakin mutum, amma kiɗa sai ya riƙa zuwa mata kamar kwanuka sun zube. Ta ɗauke rediyon ta sa a kwali, ta ɗora can saman kabad. Gidan ya yi tsit, ita ma ta yi tsit. Wata rana kuna cikin cunkoson motoci, wani saurayi ya tsaya kusa da ku ya ƙure sifikun motarsa. Kana shirin yin tsaki sai ka ga Anti ta dafa ƙofar mota da tafin hannu, ƙafarta tana bin bugun. Washegari ka shigo ɗakin kiɗa na makarantarmu ko farar rigar aiki ba ka cire ba, ka ce, "Wanne ne a cikin kayan nan yake girgiza ƙofa? Shi za ka koya mini."

Ban taɓa samun ɗalibi mai taurin yatsu da taurin kai irinka ba. Ka haura hamsin a lokacin. Na nuna maka yadda manuniya da ɗan tsakiya suke karɓa-karɓa a kan tsirkiya kamar ƙafafun mai tafiya, kai kuma ka nace da yatsa ɗaya kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Yatsunka suka yi bororo, suka fashe, suka yi kanta. Ba ka taɓa cewa ka gaji ba. Cewa kawai kake yi, "Sake nuna mini, ɗazu idona yana kan fuskarka."

Ranar da ka fara kaɗa wa Anti ina wurin. Ta zauna a ƙasa ta ɗora tafinta a kan sifika, ka yi ta fama har ka kai ƙarshe, ka ɗago kana jiran yabo. Ta dube ka ta ce, "Baban yara, wannan ai injin niƙa ne." A nan ka gane abin da nake ta faɗa maka, cewa rabin aikin mai bas kashe sauti ne. In ka kaɗa tsirkiya ɗaya, sauran ukun suna amsawa a ɓoye, dole yatsun hagu su kwanta a kansu, babban yatsan dama yana biye yana rufe musu baki. Kunne yakan yafe wannan gurnanin, amma tafin hannu ba ya yafewa. Watanni ka yi kana koyon yadda ake tsayar da sauti daidai inda ya kamata ya tsaya.

Akwai abu ɗaya da muka saɓa a kai. Maimakon ka bi layin bas na waƙa, sai ka riƙa bin muryar mawaƙin, gaɓa bayan gaɓa. Na ce maka wannan ba aikin bas ba ne. Ka ce, "Ticha, ni ba ƙungiya zan shiga ba. Mai saurarona ɗaya ce, kuma kalmomin take nema." Wata Asabar kana tsakiyar wata tsohuwar waƙa ta zamanin kuruciyarku, sai muka ga leɓɓan Anti suna motsi. Can sai murya ta fito, da ƙarfi, ba a kan daidai ba, amma ko kalma ɗaya ba ta ɓata ba. Ka ci gaba da kaɗawa hawaye na sauka a kan jitar, ba ka yarda ka tsaya ba don kada ta tsaya.

Daga nan ka fara naɗar kiɗanka. Ka mayar da ɗan ɗakin guga wurin aiki, ka rataya barguna a taga, 'yarka ta koya maka kwamfuta tana yi maka faɗa kamar ita ta haife ka. Duk waƙar da Anti take so sai ka sake kaɗa ta da bas zalla, ka ajiye mata, don ta samu abin ji in kana wurin aiki. Wasu ka sa a intanet. Masu kallo ba su da yawa, wani ma ya rubuta yana tambayar ina sauran waƙar. Ka karanta mana kana dariya. Ɗalibaina kuma sun san ka da zama a kujerar baya ta ajina, kana gaya wa duk wanda ya karaya cewa ya zo ya ga yadda tsoho yake kuskure bai mutu ba.

Yaya, abin da ya fi tsorata ni bayan tafiyarka shi ne kada shirun nan ya dawo wa Anti. Da mutane suka ragu na kunna mata ɗaya daga cikin naɗe-naɗenka. Ta dafa sifikar na ɗan lokaci, sannan ta janye hannu. Ta ce, "Shi ne, amma wannan ba ya kuskure ya ɗago ya kalle ni." Na ɗauko jakar jitar zan rufe ta, ta riƙe hannuna. "Ticha, kada ka rufe mini ita. Kawo yaranka su yi ta ɓatawa, ni zan faɗa musu inda suka ɓata."

Asabar ɗin da ta wuce na kai su. Wata ɗalibata mai ƙananan hannaye ta ɗauki jitar da ta kusa fin ta tsawo, ta kaɗa sautuka kaɗan. Anti ta lumshe ido, tafinta a kan sifika. Ta ce, "'Yata, kin yi sauri. Ba kora ake yi ba. Sake." Yarinyar ta sake. Ba mu bar gidan ba sai da aka kira magariba.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa tausayin da ka nuna wa iyalinka da marasa lafiya ya tarbe ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti, da 'ya'yanka, da abokan aikinka, da ɗalibaina da suka rasa kawu. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Wanda kuma ya daɗe yana cewa ya tsufa da koyo, ko yatsunsa sun yi tauri, ƙofar falon a buɗe take duk Asabar da yamma. Ka zo ka zauna, ka kaɗa tsirkiya ɗaya, ka tsayar da ita da kyau. Anti tana jira ta ji.