Kwana Biyu Faifan Yana Cikin Jakata

Edita, ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba. A lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara hamsin da 'yan kai, kuma ni ne mai kula da saba a wani ƙaramin kamfani da ke cikin birnin Kano, wajen Ƙofar Na'isa. Saba ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe da duk bayanan da kamfani yake aiki da su. Sana'armu ita ce yi wa makarantu masu zaman kansu manhajar da malamai suke shigar da makin ɗalibai, idan zango ya ƙare ta fitar da katin sakamako. Gara in faɗa tun yanzu, ni mutum ne mai son girma. Makullin ɗakin saba yana aljihuna, kalmomin sirri suna cikin kaina, har mai kamfanin, wani Alhaji mai sauƙin kai, sai ya ƙwanƙwasa kafin ya shigo wurina.

Ofishinmu bene ne. Masu rubuta manhaja suna sama, ni ina ƙasa a ɗaki mai sanyi. Idan sun gama wani gyara sai su zuba shi a filash, ɗan abin ajiyar nan da ake cusawa a jikin kwamfuta, su cike fom, ɗayansu ya sauko ya miƙa mini daga bakin ƙofa. Ni kuma in ɗora shi a kan saba ranar da na ga dama, wani lokaci bayan mako biyu, wani lokaci uku. In abu ya lalace, in ce rubutunsu ne, su ce sabata ce, makarantu kuma suna can suna jira. Ko wurin mai shayin da ke ƙofar ofis benci daban muke zama. Alhaji ya gaji da yi mana alƙalanci, har ya taɓa cewa da ya san haka abin yake da ya zauna a kasuwancin atamfarsa.

Ana haka sai ya ɗora wata baiwar Allah a kan masu rubuta manhaja, matar aure mai 'ya'ya biyu, wadda ba ta kai shekara arba'in ba. Ita ce ta kawo shawarar sabon tsarin aiki da ake kira DevOps. Ta tara mu ta yi bayani da Hausa tsantsa. Ta ce masu rubutawa da mai kula da saba su dawo ɗaki ɗaya. A daina tara gyara har ya yi yawa, a riƙa sakin kaɗan-kaɗan a kai a kai. Duk matakin da mutum yake bi da hannu a rubuta shi, a koya wa na'ura ta riƙa yi da kanta. Idan kuma an samu matsala, a zauna a gano inda tsari ya gaza, ba a nemi wanda za a rataya wa laifi ba. Baba take ce mini, kuma ba ta taɓa gaishe ni a tsaye ƙyam ba. Amma duk cikin bayanin nan nata abu ɗaya kunnena ya ji, wato za a wayi gari ba a buƙatata.

Aikin farko da ta roƙe ni shi ne in rubuta duk abin da nake yi wa saba, daga farko har ƙarshe. A nan ne na fara kuskure. Mahaifina marini ne a Ƙofar Mata, kuma na taso ina jin yana cewa mai sana'a ba ya zazzage buhunsa gaba ɗaya, ko ɗan cikinka ka koya wa ka rage abu ɗaya a hannunka, don ranar da ya san komai ranar zai daina gaishe ka. Allah Ya ji ƙansa, shi a kan haɗin baban rini da toka yake magana, ni kuwa na ɗauko maganar na kawo ta inda ba wurinta ba. Akwai wani tsari a kan sabarmu da ya kamata ya riƙa ɗaukar kwafin bayanai kullum yana ajiyewa, saboda ranar tsautsayi. Wannan tsari ya fi shekara da tsayawa, kuma ni kaɗai na sani. Na gwada gyarawa na kasa, kunya ta hana ni faɗa. Sai na koma duk ranar Litinin da safe ina ɗaukar kwafin da hannuna, ina zubawa a wani faifan ajiya da nake yawo da shi a jakata. Da na zo rubuta takardar, na rubuta komai tsaf, shafi bayan shafi, amma da na iso nan sai na rubuta cewa ajiya tana tafiya da kanta kowace rana. Faifan jakata kuwa ban ambace shi ba.

Allah Ya sani matar nan ta yi ƙoƙari. Sau biyu tana zuwa ta ce tana so mu gwada dawo da bayanai daga ajiyar, don a tabbatar tana aiki kafin a dogara da ita. Karo na farko na ce ina da aiki. Karo na biyu na ɓata rai a gaban yaran da ke aiki a ƙarƙashinta, na tambaye ta ko furfurar nan tawa take tuhuma, na ce tun tana firamare nake wannan aiki. Ta sunkuyar da kai ta ba ni haƙuri, ta ce ba haka take nufi ba. Daga ranar ba ta sake tayar da maganar ba, ta gina sauran tsarin a kan abin da na rubuta mata.

Wata biyar aka yi abubuwa suna tafiya daidai. Gyaran da a da yake kwana ashirin a aljihun teburina ya koma yana isa makarantu a yini ɗaya. Aka ɗauko teburina aka kai sama, na zauna cikin samari ina jin hirar ƙwallo. In faɗi gaskiya, a watannin nan ne na fi samun hutu a duk rayuwar aikina, har biki na je Zariya na kwana biyu waya ba ta yi ƙara ba. Maimakon in gode wa Allah, sai wannan shirun ya riƙa cin raina. Ina kallon abu yana tafiya ba tare da an ce Baba zo ka duba ba, sai in ji kamar an kafe ni a kusurwa kamar tsohuwar fanka.

Tsautsayin ya zo a makon ƙarshe na zango, ranar Talata bayan azahar. Wani ɗan gyara da aka saki yana da kuskure, ya share makin da malamai suka yi wata uku suna shigarwa. Ranar Juma'a kuma makarantu za su raba katin sakamako. Ita ba ta ruɗe ba. Ta ce wa yaranta kada kowa ya tsorata, ai don irin wannan rana aka yi ajiya, cikin awa guda za a dawo da komai. Da aka buɗe ajiyar sai aka tarar kwafi na ƙarshe ya fi shekara. Ta ɗago ta dube ni. Ni kuma, ba tare da na yi shawara da zuciyata ba, na ji bakina yana cewa wataƙila sabon tsarin nan ne ya taɓa wani abu. A daidai lokacin jakata tana jingine da ƙafata, cikinta akwai kwafin da na ɗauka jiya-jiya.

Kwana biyu na yi ina ɗauke da faifan nan, in tafi da shi gida in dawo da shi. Na gaya wa kaina cewa yini ɗaya kawai zan bari, su ɗan ɗanɗana, su san amfanin manya. Ranar Laraba shugabannin makarantu suka cika ofis. Wani ya buga tebur har kofi ya faɗi. Wata shugaba, dattijuwa, ta zauna a matakalar bene tana share hawaye da gefen mayafi, tana cewa malamanta da yawa sun riga sun mayar wa yara takardun gwaji, ba ta san me za ta gaya wa iyaye ba. Matar nan ita ta tsaya a gabansu tana shan zagi, tana ba da haƙuri, tana bin malamai a waya ɗaya bayan ɗaya ko akwai wanda ya rage maki a takarda. Abincin da aka kawo mata daga gida yana nan a kula har la'asar ba ta buɗe ba. Na gani da idona, na kuma tashi na je na yi sallah na dawo na zauna. Sai ranar Alhamis da safe na fito da faifan, na ce ina binciken tarkacena ne a gida na ci karo da wani kwafi da na ɗauka saboda taka-tsantsan. Kafin azahar komai ya dawo, in ban da makin yini ɗaya da malamai suka sake shigarwa.

Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Alhaji ya rungume ni a gaban kowa, yana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Zaman da aka kira don a gano inda tsari ya gaza ya rikiɗe ya zama kotu, domin makarantu sun matsa sai an gaya musu wanda ya jawo musu wannan tashin hankali. Aka tambaye ta dalilin da ya sa ba ta gwada ajiyar ba kafin ta dogara da ita. Na jira ta nuna ni. Sai ta ce sakacinta ne, ba ta ambace ni ba. Alhaji ya soke sabon tsarin, aka mayar da teburina ƙasa, aka sauke ta daga shugabanci. Bayan wata guda ta ajiye aiki. Ranar da za ta tafi sai da ta sauko har ƙofar ɗakina ta ce in yafe mata idan ta taɓa saɓa mini, ni kuma na buɗe baki na ce na yafe.

Abin da na yi wannan aika-aika dominsa na same shi, kuma shekara uku ke nan ina ɗauke da shi. Mun koma filash da fom. Yaran da suka fi ƙwazo sun watse ɗaya bayan ɗaya. Komai ya dawo wuyana, ba ni da Asabar ba ni da Lahadi, ba na iya nisa da gari. Ranar ɗaurin auren ɗana na fari, ina cikin masallaci waya ta dame ni, kafin a shafa fatiha na fita na hau babur na tafi ofis. Hawan jini ya kama ni. Na gaji, Edita, gajiyar da barci ba ya maganinta, kuma ba ni da wanda zan kai wa kuka tunda ni na gina ramin da hannuna.

A bara na kasa daurewa, na nemi izinin mijin matar nan na je gidansu. A nan na ji cewa ta daɗe tana neman aiki a kamfanoni irin namu, amma duk inda ta je labarin ya riga ta isa, domin 'yan wannan sana'a a Kano kowa ya san kowa. Yanzu tana koyar da kwamfuta a wata sakandare. Muka zauna a soro, mijin yana gefe, na faɗi komai. Ba ta nuna mamaki ba. Ta ce tun ranar Alhamis ɗin ta sani, domin da aka buɗe faifan ta ga kwafi na kowace Litinin a jere, na fiye da shekara. Na tambaye ta abin da ya hana ta faɗa. Ta ce ba a yi mata tarbiyyar tsayawa cikin taro ta ƙaryata sa'an mahaifinta ba, kuma ko da ta faɗa, da an ce yarinya ce marar kunya take neman wanda za ta shafa wa kashin kaji. Ta ce ta yafe mini tun tuni. Mijin ne ya ce, cikin ladabi, yafiya tata ce ta bayar, amma wanke sunanta yana wuyana. Washegari na je na gaya wa Alhaji. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, kada in tayar da ƙura, don idan ya kore ni ba shi da mai riƙe masa saba. Ya aika mata ta dawo, ta ce ta gode, ba za ta dawo ba.

Abin da na koya shi ne, irin wannan haɗin kai ba na'ura ce take kawo shi ba, kuma haɗa tebura a ɗaki ɗaya bai isa ba. Idan babba yana ɓoye abin da ya sani, ƙarami kuma kunya ta hana shi tambaya, to a kan rami aka yi ginin. Ina kira ga masu kamfanoni, idan za ku kawo sabon tsari ku fara zama da tsofaffin ma'aikatanku ku cire musu tsoro, domin mai tsoron rasa matsayi babu abin da ba zai iya aikatawa ba. Kada a yarda da takardar kowa sai an gwada an gani, ko da mai furfura ne ya rubuta ta. Ku kuma 'yan'uwana da muka daɗe a bakin aiki, idan yaro ya ce a gwada, ba raini ba ne, aikinsa yake yi. Ku faɗi abin da kuka sani da abin da ya gagare ku tun kafin wani ya biya da mutuncinsa.

Har yau idan aka tuna wancan makon a cikin 'yan sana'armu, ita ake cewa ta goge makin yara, ni kuma na ceto shi. Na gaya wa duk wanda zai saurare ni cewa ba haka aka yi ba. Yawancinsu sai su yi murmushi, su ce Baba akwai tawali'u.