Gawayin da Kawu Ya Yi Mini

Daga Gesse

Ana idar da sallar asuba na hau kabu-kabu zuwa tasha, da buhu biyu a hammata. Ɓuntun jar shinkafa zan ɗebo wurin Kawu Bawa, ƙanin mahaifiyata, a Argungu. Aikin digirina ke nan: in dafa ɓuntu cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe har ya zama ƙwayoyin gawayi da ido ba ya gani, waɗanda in rana ta haska su sai su cinye rinin da ya ɓata ruwa. Duk gwajin da na yi a baya da ɓuntun irin shinkafar su Kawu na yi shi. Tukunyar guda ce a makarantarmu, wannan makon kaɗai aka ba ni, in ya wuce sai baɗi.

Ambursa

Nan direba ya cusa mana buhunan albasa har kan ƙafafuna. Na yi magana, ya ce, "Hajiya, in sarari kika so, sayi taki." Na gyara zama. Gaba kaɗan ga shinge, aka sauke mu ana lalube kamar mun sato akuya.

Argungu

Da hantsi na isa. Kawu ya tarye ni da fura, bakinsa har kunne, ya ja ni bayan gida shi da dattawan unguwa uku. Tsibin toka na gani, yana hayaƙi.

Na ce, "Kawu, ina ɓuntun?"

"Ga shi nan, ɗiyata. Ba gawayi kic ce za ki yi ba? Nic ce mi za ya sa ki wahala, jiya nis sa mai wuta."

"Na maƙwabta fa?"

"Duk na amso na haɗa, don shi ishe ki."

Haushi ya kama ni. Toka ba ta da abin da za ta yi mini, a miya ma ban so ta ba. Ga dattawa suna ta sa masa albarka, wa zai buɗe baki? Da hannunsa ya cika mini buhunan.

Gida

Bayan la'asar na sauka Gesse, albasa da toka duk a jikina. Inna ta dubi buhunan, ta dube ni.

"Kin dai yi mai godiya?"

"Na yi, Inna, har ƙasa."

Allah na gode maka da ka dawo da ni lafiya ban zagi kowa ba. Tukunya kuwa, da aka ga ba ni da ɓuntu, washegari aka ba wani.