Ciwon da Ya Kama Kwamfutar Kaka Taifis

Shekara talatin da biyu Kaka Taifis ta yi tana buga takardu a ofis. Yatsunta sun fara tauri yanzu, amma har gobe ba ta duban haruffa in tana bugu. Da ta yi ritaya, babban ɗanta ya saya mata kwamfuta, aka ɗora a kan teburin da ke gindin tagar falo. Nan maƙwabta ke samunta: mai neman aiki, mai koken famfon da ya fashe. In babu kowa, sai ta koma kan tarihin iyayenta da take rubutawa, shafi tamanin da ɗoriya.

Wata safiya saƙo ya faɗo mata wai ta ci sabuwar waya. Ta danna. Tun daga nan kwamfutar ta rikice. Kafin ta buɗe sai shayi ya huce, ga talla iri-iri, ka rufe ɗaya uku su fito. Ranar da dattijon da ke gadin layinsu ya zo a rubuta masa wasiƙa, sai ga hoton wata mata ba kayan kirki a jikinta. Kaka ta yi salati, ta fizge mayafinta ta lulluɓe fuskar kwamfutar. Mai gadi ya ce ya tuna ya bar ƙofa a buɗe.

Sati biyu ba ta kunna ba, kunya ta hana ta gaya wa ɗanta. Surukarta ce ta lura, mace marar yawan magana da ke aiki a kantin magani. Shekara shida suna gida ɗaya, hirarsu ba ta wuce gaisuwa.

"Mama, lafiya ba na jin ƙarar bugunki?"

"'Yar nan, ni na jawo. Kwaɗayin waya ne, da tsufana."

Surukar ba ta yi dariya ba. Ta ja kujera, ta fara da yanke intanet. Ta kwashe takardun Kaka a filashi, sannan ta bi manhajojin ɗaya bayan ɗaya.

"Ke kika sa wannan?"

"Ban ma taɓa ganinsa ba."

Sai ta goge. Ta kunna manhajar kashe ƙwayoyin cuta, suka zauna kusan awa biyu suna jira. Ƙwayoyi arba'in da bakwai aka kama. Ɗaya daga ciki, in ji surukar, leƙen asiri yake yi, duk harafin da aka danna sai ya kwafa ya aika wa masu shi. Don haka suka canza duk lambobin sirri, ta kuma binciki filashin kafin ta mayar da takardun.

Kaka ta buɗe tarihin iyayenta. Ko layi ɗaya bai ɓata ba. Ta kamo hannun surukar.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Allah ya ba ki masu yi miki."

"Amin, Mama."

"Amma fa na ga da yatsa biyu kike bugu, kamar kaza na tsattsaga. Gobe in kin taso aiki ki zo, a gyara wannan."

Ta zo. Cikin wata uku yatsu goman suka saba. Kan teburin nan ne Kaka ta ji cewa surukarta ta so karanta kwamfuta tun tana budurwa, hali bai yi ba. Da ɗanta ya dawo ranar, ta kira shi ɗaki ta ce ya nemo wa matarsa fom ɗin makaranta. Takardar neman gurbin kuwa, Kaka ta ce ba mai buga ta sai ita.