Tsallen Ɓeran Masar

Ina tsugune da ganyen kabeji a hannu na ga ya yi wani irin tsalle, ƙafafu huɗu duka a sama, ya karkace a iska kamar an jona masa lantarki. Ya dira, ya girgiza kai, ya sake. Sai idona ya sauka kan yatsana, inda ya cije ni kwana ɗaya kafin nan.

Ɓeran Masar ne, fari da tabon ruwan ƙasa a kunne ɗaya. Maƙwabciyarmu a unguwar Shamaki, malamar firamare 'yar Billiri, ita ta bar mini shi da aka yi mata canjin wurin aiki. Ta miƙo shi cikin kwalin taliya, motar kaya na yi mata hon. Abin da ta ce kawai: "Ki ba shi ganye, kar rana ta taɓa shi."

Kwana shida na yi ina masa bauta. Na zuba masa dusa, ko kallo. Na yanka kokwamba, ya juya mini baya. Har Kasuwar Gombe na je ina tsintar ganyen karas wajen masu kayan miya, suna tambayata ko akuya na saya. Na kawo, ya tsaya ƙiƙam kamar gunki, sai na bar wurin ya ci. Da na gane ɓuya yake so, na kifa masa tsohuwar tukunyar ƙasa mai fasasshen baki a gindin randa, inda sanyi yake. Ya shige, bai ƙara fitowa a gabana ba.

Inna kuwa kullum da magana. "Mutane na ɗana tarko, ke kina shimfiɗa. Ko surukinki ne sai haka."

Rana ta biyar haƙurina ya ƙare. Na cusa hannu cikin tukunyar zan jawo shi, ya dasa mini haƙori. Na wanke da sabulu, na zage shi, na manta. Washegari na kewaye masa gefen baranda da bulo don ya samu fili, na watsa ciyawa. A nan ya fara wannan tsallen.

"Inna! Zo ki gani!"

Ta fito da muciya a hannu, ta duba, ta yi salati. "Ke, haka wani kare ya yi a garinmu kafin a kashe shi. Ba shi ya cije ki ba?"

Ta ɗebo ruwa a moɗa ta miƙo mini. "Sha in gani. Mai haukan kare ba ya iya shan ruwa."

Ruwan da nake sha kullum! Amma da ta tsare ni da ido, maƙogwarona ya ƙulle. Na kurɓa, na ƙware, na hau tari. Inna ta ɗora hannu a ka. Na duba haukan kare a waya, na karanta layi uku, na kife ta: an ce in alamu suka bayyana babu magani. Shi kuma ɓeran yana can yana ta zagaye yana "wik, wik".

Inna ta ɗauko taɓarya. Ban san lokacin da na tare ta ba. Ina kuka ina cewa ta bari likita ya gan shi tukuna. Na ɗauke shi bidiyo, na sa shi cikin kwando da tukunyarsa, muka tari keke Napep.

A asibitin dabbobi, ɗan banzan nan ya shige tukunya ya yi lamo kamar bai taɓa motsi ba. Likitar, wata mace mai gilashi, ta duba yatsana, ta tambaya ko kare ko kyanwa sun taɓa cizonsa. Na ce daga kwali sai tukunya. Ta ɗaga shi a hankali ta ƙarƙashin ciki, ba irin jawowar da na yi masa ba, ta duba idonsa da bakinsa. Sannan ta kalli bidiyon. Kafaɗarta ta fara rawa saboda dariya.

"Ƙanwata, yaushe kika ba shi fili?"

"Yau da safe."

"To murna yake yi. Haka suke in sun saki jiki da gida."

"Murna?" in ji Inna. "Likita, ruwa fa ya shaƙe ta."

"Mama, ko ni kika tsare da moɗa haka sai na ƙware."

Ta ce in biya ta asibitin mutane a duba allurar tetanus ɗina, in kuma daina cusa masa hannu a ɗakinsa. Ana kiran la'asar ta dafa ni ta ce, "Babu abin da ya same ki."

Ta ba ni ruwan leda, na shanye tas. Na leƙa kwandon. Ya fito da kai, yana tauna gefen mayafina.