Jakin da Aka Bari a Gida

Shekarar da babbar 'yata ta gama sakandare, jami'o'i uku ne suka ce ta zo. Ban bar kowa ya huta ba. A siton da nake aiki a tashar jiragen ruwa ta Jidda, har direbobin manyan motoci sai da suka sha labari, alhali ba wanda ya tambaye ni. Matata ta ce in rage baki saboda ido, na ce to, washegari na ci gaba daga inda na tsaya.

Ta farko a nan Jidda take. Sun ba ta karatu kyauta irin wanda ake ba 'ya'yan baƙi masu iƙama, wato takardar izinin zama, amma a fannin koyarwa, ita kuwa tun tana ƙarama harhaɗa magunguna take so. Ta biyu a Malesiya, sun yafe mata rabin kuɗin makaranta, sauran rabin da kuɗin ɗaki da na jirgi suna kaina, kuma ko na sayar da motata ba zan kai ƙarshen karatun ba. Ta uku jami'ar jiha ce a Kano. Sun ba ta fannin da take so, sannan kuɗinsu hawa biyu ne: na 'yan asalin jihar mai sauƙi, na waɗanda suka zo daga wata jiha mai nauyi.

Ni tun ranar farko na gama zaɓe. A unguwar Ammariyya ta nan Jidda aka haife ni, a nan na yi furfura, amma duk takardar da na taɓa riƙewa baƙo take kirana. Haka 'ya'yana. Mahaifina ya sauka a wannan tasha da nake aiki yana saurayi, ya yi hajji, bai koma ba, kuma har ya rasu in aka tambaye shi sai ya ce, "Mu mutanen Kano ne." Da na ga layin 'yan asalin jiha sai zuciyata ta yi fari. Ga sauƙin kuɗi, ga wurin da za a sa 'yata a sahun 'yan gida karon farko a rayuwarta.

Ita ba ta yi saurin amsawa ba. Hausarta ta ji ce, ba ta faɗa ba. In na yi mata magana da Hausa, da Larabci take mayar mini.

"Baba, za su yi mini dariya," ta ce. "Kalamina mukassar ne, a karye yake."

"Su yi. Garinku ne. Halas, an gama magana."

Ashe ba a gama ba. Makarantar ta nemi shaidar asali daga ƙaramar hukuma, sai na kira ɗan ƙanen mahaifina da ke zaune a birnin Kano, na faɗa masa sunan ƙauyenmu, na ce ya je ya karɓo. Sai ya ce, "Yaya, ai garinmu ba Kano yake ba yanzu. Tun da aka yanke Jigawa muka faɗa can. Na ɗauka ka sani."

Daga ina zan sani? Mahaifina ya baro ƙasar tana dunƙule, ya zo da ita a kansa yadda ya baro ta, ya miƙa mana. An raba jiha, an sake allunan hanya, mu muna Ammariyya muna ta cewa mu Kanawa ne. Ranar na yi faɗa da kowa. Na yi da ɗan'uwana kamar shi ya ja iyakar, na yi da matata saboda ta yi dariya, har shayi na ce ya yi sanyi alhali yana tururi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a Jidda 'yata baƙuwa ce, a Malesiya baƙuwa, yanzu ga shi a Kano ma za ta biya kuɗin baƙi. Kuɗin kuwa ya fi ƙarfina, tunda ga ƙannenta a baya kuma ga sabunta iƙamar kowa duk shekara.

Sai karatun Jidda ya dawo kan tabarma. Matata ta so shi, ban kuma ga laifinta ba: yarinya za ta kwana a gida, ba a biyan komai. 'Yata ta ce in haka ya fi sauƙi za ta karɓa. Ta faɗa tana murmushi, amma na ga ta kwashe littattafan kimiyyarta daga kan tebur ta sa a kwali, ta tura ƙarƙashin gado.

Ɗan'uwana ne ya sake kira. Ya ce jiharmu ta gaskiya tana tallafa wa 'ya'yanta da ke karatun lafiya ko a wata jiha suke, kuma tallafin zai iya cike gurbin. Sai dai dole dagacin ƙauyenmu ya shaida cewa yarinyar jininsu ce. Matsalar ita ce gidanmu ya watse tuntuni. Shi kansa ɗan'uwan nawa a birni aka haife shi, mahaifinsa ya rasu, ƙauyen ba su san fuskarsa sosai ba. Ya je sau ɗaya, dagaci ya ce masu neman irin wannan shaida sun yi yawa, shi ba ya sa hannu a kan wanda bai sani ba. Da ƙyar ya yarda a haɗa mu ta waya ya gan mu.

Ranar wata Juma'a bayan mun karya kumallo muka zauna a falo. Na sa babbar rigar da nake ajiyewa don Sallah, na kafa hula. Ɗan'uwana ya ɗaga wayarsa, sai ga dagaci a kan kujera ƙofar gidansa, dattawa zaune a tabarma kewaye da shi. Na gaishe shi, na faɗi sunan mahaifina da na kakana, na ce gidan marina ne. Ya gyaɗa kai kawai.

"Alhaji, sunaye kowa yana iya haddacewa. Me ka sani na garin nan?"

Na san kowace kwana ta Balad, tsohon garin Jidda, na san wace ƙofa ta tasha ake shiga da wane kaya, amma ƙauyen nan sunansa kaɗai na riƙe. Na fara kame-kame. Dattawan suka fara kallon gefe.

Sai 'yata ta matso. Ita ce ta tashi a gaban mahaifina lokacin da ƙafa ta hana shi fita, kullum tana gefensa tana matsa masa yatsu yana ba ta labari. Ta durƙusa a gaban waya kamar mutumin yana cikin ɗakin.

"Ranka ya daɗe, barka da hantsi. Ina gajiya? Ina iyali?"

Harshenta ya karye irin na 'yan Jidda, amma gaisuwar ta tsofaffi ce, yadda ta ji ta a bakin kakanta. Wani dattijo ya ɗago kai. Ta ce Kaka ya gaya mata bayan karofi akwai rijiya mai ruwan ɗaci, da bishiyar marke da aradu ta tsaga. Inda Hausa ta ƙare mata sai ta cike da Larabci, ta dawo. Sannan ta ce, "Kuma ya ba ni amana. Ya ce duk wanda ya fara isa gida a cikinmu ya tambayo masa jakinsa. Ya bar wa ƙanensa ya riƙe masa, yaani har ya dawo daga hajji."

Tabarmar nan ta kece da dariya. Wani tsoho da ba haƙori a bakinsa ya riƙa buga cinya yana cewa, "Mai jaki! Jikar mai jaki ce!" Ashe ƙanen mahaifina ya ƙi sayar da jakin, ya ƙi ba da aronsa, yana cewa mai shi yana hanya, har dabbar ta tsufa ta mutu a turke. Garin ya daɗe yana tsokanar gidanmu da wannan. Tsohon ya ce shi da kansa ya sha duka yana yaro saboda ya hau jakin a ɓoye.

Dagaci ya share ido da bakin rawaninsa. "Yarinya, jaki kam ya riga mu gidan gaskiya, sai haƙuri. Amma ke tamu ce. A kawo takarda in sa hannu." Ya juyo gare ni. "Kai kuma, Alhaji, sai ka zo mu gan ka tukuna."

Ban ji haushi ba ko kaɗan. Ina zaune cikin babbar riga ina hawaye a gaban 'ya'yana, ban ɓoye ba. Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba.

Tallafin ya ɗauki lokaci kafin ya fito, kuma bai rufe komai da komai ba, sai da na ƙara aikin Asabar. Ta ciro kwalinta daga ƙarƙashin gado ta tafi Kano. Yanzu in ta kira, ita ke gyara mini Hausa. A hutunta na farko ta je ƙauyen, aka nuna mata inda turken yake.

Kwanan baya wani sabon ma'aikaci ɗan Najeriya ya zo sitonmu, ya ji ina Hausa, ya tambaye ni ɗan ina ne. Na ce ɗan Jigawa. Ya ce wa na sani a can?

Na ce, "'Yata. Ita ta tsaya mini."